Mai Bi a Rumbun Gyaɗa

Shekarar da na yi aure, ƙanwarmu da ke zaune a Kano ta haihu, aka aiko mana garinmu Yekuwa cewa suna ranar Alhamis. Baba ya ce ni da yayana mu je. Zamanin Faransa ne, kuma gyaɗar ƙasarmu duk ta Kano take fita. Saboda haka muka taka zuwa Magarya da sassafen Litinin, ko a dace da kamyon, wato babbar motar ɗaukar gyaɗa, mu hau.

Wani Baturen Ingila ne mai kula da rumbun gyaɗar garin, dogo, jan wuya, yana jin Hausa tsinto-tsinto. Yayana kuwa bai taɓa cewa bai gane magana ba. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko za a taimaka mana da wuri zuwa Kano?"

Bature ya dubi kamyon da ake lodi, ya sosa haɓa, ya ce, "Mebi."

Yaya ya dawo yana murmushi. "Ka ji, ya ce mai bi. Wannan ta cika, ta bayanta ce tamu."

Muka zauna gindin ɗorawa muna cin ƙuli-ƙuli. Washegari wata ta zo, aka gama lodi, muka haye kan buhuna ba mu tambayi kowa ba. Direba ya ɗaga kai ya gan mu.

"Kai, wa ya ce ku hau?"

"Bature," in ji Yaya. "Ai wannan ce mai bi."

Ya sauko da mu, har da jefo mana tabarmarmu. Yaya ya koma wurin Bature yana kaɗe riga, ya sake roƙo, Bature ya sake cewa, "Mebi."

"To, ashe mu muka yi gaggawa," in ji Yaya. "Mai bin mai bi yake nufi."

Akawun rumbun, wani dattijo Bakano, yana jin mu. Ya yi dariya har ya aje alƙalami ya share ido.

"Samari, ba Hausa yake muku ba. Ingilishi ne. Mebi, wato watakila, mai yiwuwa. Bai ce i ba, bai ce a'a ba."

Na ce, "Baba, to wanne ya fi yawa a ciki?"

"Ya danganta da bakin da ta fito. In ya faɗe ta yana duban sama, akwai sa rai. In yana duban takarda, ku nemi jaki."

"Haɓa ya sosa," in ji Yaya.

"Wannan kam ban san hukuncinta ba."

Akawu ya shiga ya ba Bature labari. Muka jiyo dariya daga ciki. Bature ya fito da kansa, fuska ta ƙara ja, ya nuna kamyon da ke shigowa, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Wannan. Gobe. Lalle."

Ranar Laraba muka tashi, gaba ma aka sa mu, kusa da direba. Ƙafar kamyon ta fashe sau biyu, muka kwana a hanya. Mun isa an riga an yanka rago, an raɗa wa yarinya suna, ana rabon goro. Ƙanwarmu ta ɗora mini jaririyar a cinya, ta ce Yaya sai ya wanke ƙurar jikinsa tukuna. Shi kuwa tuni ya zauna cikin surukai yana koya musu Ingilishi.