Muryar da ke Bayan Ƙofa

A shekarun da fari ya cinye gonarmu a Gumel, mahaifiyata ta tafi Ikko aikatau, ta bar ni a hannun uwarta, Kaka Delu. Ni kaɗai ne yaro a gidan. Bayan isha'i Kaka takan tura itace cikin murhu, ta ɗora ƙafafuna a cinyarta, ta ce, "Ga ta nan, maigidana." Sai in amsa, "Ta zo mu ji ta," ko da yake masu jin ni ne da akuya.

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wata mata ce yunwa ta kora neman gero a ƙasa mai nisa. Ta saka 'yarta a rumbu, ta ce kada ta buɗe wa kowa sai ta ji waƙarta da muryarta. Dodo ya zo da ƙatuwar murya, yarinya ta ƙi. Da uwar ta dawo da gero a ka, ƙishirwa da kuka sun riga sun dusashe mata maƙogwaro. Ta rera waƙar. Yarinya ta ce, "Tafi, Dodo, na gane ka."

"Kaka, ta buɗe?"

"Kai da za ka buɗe?"

"Ba zan buɗe ba."

"Ka ji mijin banza. Kwanta."

Ba ta taɓa kai wannan tatsuniyar ƙurunƙus ba.

Na kai hamsin, ina aikin safiyo a Riyad, kafin na sake jin ta, a benen da nake haya a Al-Murabba. Maƙwabciyata, Mei, 'yar ƙasar Sin ce mai rina gashi a shagon mata. Mijinta ya koma gida jinya bai dawo ba, iƙamar 'yarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare, don haka yarinyar ba ta zuwa makaranta, ba ta leƙa taga. Wuni take ita kaɗai, da umarnin kada ta zare sakata sai ta ji uwarta. Ta bango nakan ji tana magana da murya biyu, tana tambaya tana ba kanta amsa.

Wata magariba na tarar da Mei a durƙushe a bakin ƙofa. Mura ta shaƙe mata murya. Tana roƙo da yarensu, daga ciki kuma shiru.

Na tsaya nesa, na ce da Larabci, "In kira mai gadi ya ɓalle ƙofar?"

"A'a, aboki. Zai tambayi iƙama. Za su tafi da ita."

Na tuna ranar da mahaifiyata ta dawo. Ban gane fuskarta ba, na ɓuya bayan Kaka, sai da ta miƙo hannu na ga tsohon tabon ƙuna.

"Zura mata yatsunki ta ƙasan ƙofa," na ce.

Ta zura su, baƙaƙe ƙirin da rini, duk sun tsage. Mun daɗe muna jira kafin sakata ta motsa. Yarinyar ba ta rungume ta ba. Ta matsa gefe kamar mai ba baƙuwa hanya, ta koma ta zauna tana fuskantar bango.

Duk karatuna, na girma ina zaton Kaka gargaɗin Dodo take yi mini. Ashe roƙona take yi a madadin 'yarta, tun kafin ta dawo. Ban sani ba ko shawarar da na ba Mei ta ceto wani abu ban da daren nan. Bayan sallah na ga an sa wa ɗakin sabon kwaɗo, ban sake ganin su ba. Amma na fahimci abin da ya hana Kaka ƙarasawa. Ni ma na buɗe wa mahaifiyata, na zauna da ita, na yi jinyarta. Har ta rasu, Yaya nake ce mata, ban taɓa kiran ta uwa ba.