Jirgin da Muka Ɗora a Kan Duwatsu

Garinmu yana ƙasar Safana, gonar babanmu kuwa tana tsallaken gulbi, kuma ita kaɗai ce cinmu na shekara. Da rani gulbin nan yashi ne zalla. Da damina idan ya kawo, sai dai mutum ya tsaya ya hango shukarsa daga nesa. A da mukan zagaya ta wajen Runka, amma tun da 'yan bindiga suka mai da dajin wurin gidansu, ba mai bin can sai wanda ya gaji da ransa.

Shi ya sa ƙungiyar ci gaban gari ta ce a sayi jirgin ruwa. Shugabanta kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ya taɓa zuwa ci-rani Legas ya hango teku daga kan gada, tun daga nan duk wata maganar ruwa ta zama tasa, ko da na rijiya ne. Aka yi karo-karo, babanmu ya sayar da ragon da yake turkawa ya ba da nasa.

Kawu ya tafi Yawuri da mutum biyu. Su ne suka ba mu labari daga baya, cewa an nuna musu ƙaramin kwale-kwale sabo fil, wanda ake tuƙawa da gora, aka kuma nuna musu wani ƙaton tsoho mai inji, kuɗinsu ba nisa. Kawu ya taka tsawon wannan, ya taka tsawon wancan, ya ce ai ko yaro ya san inda riba take. Haka ya sayo mana jirgi kamar mai sayen yadi. Bai tambayi abin da yake sha ba, bai tambayi zurfin ruwan da yake so ba, balle wanda zai gyara shi.

Ranar da babbar mota ta sauke shi, ina tsaye babanmu ya matsa kusa da Kawu, ya rage murya.

"Alhaji, man da zai riƙa sha fa, daga ina?"

"Malam, kai dai naka ka shiga ka zauna. Ka bar wa waɗanda suka san ruwa."

Babanmu ya ja da baya. Da suruki yake magana, a gaban jama'a, me zai ce?

Aka shafa masa fenti kore da fari, aka yanka akuya, kansila ya zo aka ɗauki hoto. Sannan jirgi ya fara nuna mana halinsa. Injin nan wallahi ya fi kowa ƙishirwa a garin, ga shi lokacin an hana sayar da mai a jarka saboda mutanen daji, sai a tsotso daga tankin babur a zuba masa. Aka sa kuɗin fito, ba wanda ya biya. Kowa ka miƙa wa hannu sai ya ce ai da kuɗinsa a ciki, kuma gaskiyarsa. Da ruwa ya ɗan ja, ƙaton ya zauna daɓas a kan yashi, farfela ta karye. Aka kira mai gyaran babur ya kwance injin, ya mayar, ya dawo mana da ragowar kusoshi a aljihu, ya ce waɗannan ƙari ne. Ƙarshen damina da gora muke tura shi, majiya ƙarfi suna nishi, Kawu yana zaune a gaba yana nuna hanya a gulbin da kake jin tarin mutumin da ke ɗaya gefen.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da ruwa ya ƙafe aka yi taro a kan yadda za a adana dukiyar jama'a. Mu manoma ne, abokan gabarmu biyu, damshi da gara. Saboda haka aka yi wa jirgi abin da ake yi wa rumbu. Aka jera duwatsu aka ɗora shi a kai don kada ya taɓa ƙasa, aka barbaɗa toka a ƙarƙashinsa, aka sake wani karo-karon aka yi masa rumfar kwano. Kowa gani yake an yi dabara. Dattawa har zuwa suke su shafa cikinsa su ce madalla, ya bushe ƙayau.

Da bazara ta kama, kwanon nan ya riƙa gasa shi. Idan ka wuce da tsakar rana sai ka ji katako yana ƙas, ƙas. Kawu ya ce ƙarfi yake ƙarawa. Sai daga baya na ji cewa mutanen bakin kogi ba sa raba jirgin katako da ruwa, don idan ya bushe allunan tsukewa suke su saki juna. To mu ina muka ga ruwan shayar da jirgi, a garin da mata ke layi a bakin rijiya da bokiti ɗaya?

Damina ta biyu muka yi shuka tun ana tsallakawa da ƙafa. Gero ya fito gwanin sha'awa, sai gulbi ya kawo daidai lokacin noman fari. Aka sauko da jirgi da kabbara, muka shiga da fartanyoyinmu, Kawu da babbar riga. Ko tura shi ba a gama ba ruwa ya fara tsartuwa ta kowace kafa. Kafin a ce a kawo ƙwarya ya kai mana gwiwa, jirgi ya zauna a nan bakin gaɓa. Kawu ya fito yana matse riga, ya ce hannun mahassada ne, kuma za a kafa kwamiti. Har yau ina jin takaicin cewa ba wanda ya yi masa ko tsaki.

Shekarar nan ruwa ya yi yawa, gulbi ya ƙi sauka. Kullum da safe babanmu yakan saɓa fartanya ya je bakin ruwa, ya tsaya, ya dawo. Daga inda yake yana ganin ciyawa tana haye masa gero. Lokacin da aka samu tsallakawa, aikin gama ya gama. Abin da muka ɗaure da kaka bai rufe gindin rumbu ba.

Tun sanyi bai wuce ba mahaifiyata ta ce masa hatsi ya ƙare. Mutumin da tun da ya kafa gida bai taɓa tsayawa gaban mai awo ba ya kira ni zaure, ya miƙo mini buhu a naɗe, idonsa na kan tabarma.

"Kada ka saya a kasuwarmu. Ka tafi Batsari. In wani ya gane ka, ka ce aiken maƙwabta ne."