Kujerun da Ban Bari a Zauna Ba

Shekarar da aka yi baje kolin kayan katako a Haɗeja, bayan an gama yankan shinkafa ne, lokacin da manoma ke da abin taɓawa a aljihu. Ƙungiyarmu ta kafintoci ta sanar cewa za ta zaɓi mutum ɗaya ta kai shi babban baje koli na Kano. Ni nake so a zaɓa. Ban gaya wa kowa ba, ko matata.

Rumfata na jikin ta taubashina, ɗan kawuna. Wurin mutum ɗaya muka koyi sana'a, kuma na riga shi iya riƙe zarto.

Kujerun kushin na kai, na maɗaci, yadinsu ruwan madara. Tun a hanya nake fargaba, don mai keken da ya ɗauko su bai san rami ba. Da muka isa na bar su cikin ledarsu. Na ga mutanen Kaugama da Miga suna shigowa da ƙurar hanya, wasu hannunsu da man soyayyen kifi. Duk wanda ya matso sai in ce, “Malam, a duba da ido dai.”

Taubashina kuwa ya yage ledar nasa, ya aika aka kawo shayi.

“Ɗan goggo,” ya ce da ni, “kujeru ka kawo ko marasa lafiya? Na ga ka lulluɓe su.”

“Naka kafin la'asar sun zama tsumma.”

“To, ai tsumman da aka zauna a kai.”

Kafin azahar rumfarsa ta koma majalisa. Wani dattijo har gyangyaɗi ya yi a kan kujerarsa. Ina jin dariyarsu kamar ana goga mini samfefa a ƙirji. Na san ƙusoshin da ya ɓoye a ƙarƙashin yadin nan, na san inda ya yi sauri. Amma da na leƙa don in ga aibu, sai na tarar aikin ba laifi. Wannan ya fi ci mini rai.

Da shugaban ƙungiya ya zo zagayawa da mutanensa, a wurina ya fara tsayawa. Ya shafa hannun kujera ta saman leda ya ce aiki ya yi kyau. Da na sani da na yi shiru. Amma mun taso ana gaya mana a bayyana aibin haja, sai na ji bakina yana cewa, “Ranka ya daɗe, katakon ƙafar bayan nan da damina na saye shi. Na shanya shi sosai, amma ban rantse ya gama bushewa ba.”

“Ya tsage ne?”

“A'a.”

“Yana motsi?”

“Bai yi ba tukuna.”

Ya dube ni, ya dubi kujerar, ya ce Allah ya taimaka. A rumfar taubashina aka ja shi aka zaunar, aka miƙa masa kofi. Ina kallo ya jingina, ya miƙe ƙafa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. A nan na san an gama.

Shi aka zaɓa. Na je na yi masa murna, na kuma yi ta istigfari a hanya, don bakina ne kawai ya yi murnar.

Ranar tafiya ya miƙo mini makullin shagonsa.

“Kai kaɗai na yarda da kai, ɗan goggo. Ko ƙusa ba za ta ɓata ba.”

Na karɓa. Na rufe nawa shagon na koma nasa, ina share masa, ina amsa gaisuwar masu zuwa taya murna. Wata hajiya ta sauko daga keke ta tsaya a ƙofa tana leƙe.

“Kai ne mai kujerun da aka kai Kano?”

“A'a, Hajiya,” na ce. “Ni jiran shago nake.”