Tarihin Malamin Gona da Goran Waken Mahaifiyarsa

Haihuwa

An haifi marigayin, wanda kowa ya sani da Malamin Gona, a shekarar 1941, a wani ƙaramin gari da ke gindin dutse. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa manomiya, daga wata 'yar al'umma mai nata harshen. Tana noma wake iri-iri, kuma a harshenta sunan kowane iri shi ke faɗin lokacin shukarsa: wani sai shinge mai fiffike ya fito daga ƙasa, wani sai tsattsewa ta yi sheƙa a soro, wani kuwa sai damina ta raba tsakiya.

Karatu

A 1949 aka kai shi makarantar kwana, inda duk wanda ya yi yaren gida sai ya sha bulala. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, har aka ɗauke shi makarantar koyon aikin gona, ya gama a 1962. Kafin nan harshen mahaifiyarsa ya zube daga bakinsa, in ban da gaisuwa. Babu malami ko ɗaya da ya kira wannan asara. Ci gaba suka kira shi.

Aiki

A 1963 ya kama aiki, yana zaga ƙauyuka a kan keke yana raba ingantaccen irin wake guda ɗaya, fari tas, mai yawan yabanya. Tsakani da Allah ya yi aikinsa, mutane suka cika rumbuna, suka watsar da irin kakanninsu. Mahaifiyarsa ce ta ƙarshe da ta sallama, bayan ta ce masa, “To, malam, in ɗan nan naka ɗaya ya kwanta ciwo, wa zai ciyar da gidan?”

Aure da iyali

Ya yi aure a 1966, Allah ya ba su 'ya'ya biyar, ɗaya ya koma tun yana goye. Uwargidansa mai barkwanci ce, takan ce miji ta nema aka ba ta buhun taki. A 1979 mahaifiyarsa ta rasu, aka tarar da wani gora rataye a bayan ƙofar ɗakinta, cike da wake ja da baƙi da mai ɗigo-ɗigo, duk a gauraye.

A 1984 cuta ta kama farin irin nan a ko'ina lokaci guda, gonaki suka ƙone a tsaye. Ofis ya ce ƙaddara ce, ya rufe magana, kamar ƙaddarar ce ta hau keke ta raba iri. Shi kuwa ya sauko da goran. Ya shuka waken a bayan gidansa, duka a ruwan farko yadda littafi ya koya masa, domin bai san sunan ko ɗaya ba, balle lokacinsa. Wasu suka yi ganye har suka rufe katanga, ba su yi 'ya'ya ba. Kowace damina sai wani iri ya ɓace.

Bayan ritaya

Da ya ajiye aiki a 1996, ya shiga neman masu jin harshen. Tsohuwa ɗaya ya samu, idonta ya mutu. Ta murza waken a tafin hannunta, ta ce, “Ɗana, na san su da ido, yanzu kuwa duk sun zama ɗaya.” Uwargidansa ta rasu a 2003, 'ya'ya suka watsu birane. Ya zauna shi kaɗai a gida mai ɗakuna huɗu, yana shuka mai ɗigo-ɗigon da ya rage, yana shanya shi a kan tabarma, yana mayar da shi gora. Duk hutun da 'ya'yan suka zo sai ya nuna musu, su ce, “Sannu da ƙoƙari, Baba,” idonsu na kan waya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a farkon daminar 2014, yana da shekara saba'in da uku. Maƙwabcinsa tela ne ya same shi zaune a bakin kunyar wakensa, fartanya a gefensa. An yi masa sutura aka binne shi da la'asar kusa da uwargidansa. A shekarar aka yi wa bayan gidan siminti don ajiye mota.

Ya bar 'ya'ya huɗu: babbar, ma'aikaciyar jinya, mai bi mata, direban babbar mota, sai malamin makaranta, da auta, da ke ƙasar waje, da jikoki da dama. Ya kuma bar goran, yana nan rataye a bayan ƙofa. Ba wanda ya san sunan abin da ke ciki, kuma ba a sake shuka shi ba. Allah ya jiƙansa.