Wayar da Manu Ya Yanke

A Dungu aka haifi Manu, amma ya fi shekara talatin yana gyaran rediyo a wata rumfa kusa da tashar Matameye. A Damagaram ya koyi aikin tun zamanin kaset. Da rediyo ta ja baya sai ya koma tele da amfili mai ƙara ƙarfin sauti da bafle, waɗancan akwatunan da sauti ke fitowa daga cikinsu. Abin da aka san shi da shi kunne ne. Sai ya sa a kunna na'ura, ya karkata kai, ya faɗi ciwonta kafin ya ɗauki abin kwance ƙusa. Yana jin daɗin wannan suna fiye da yadda yake nunawa.

Wata shekara, gab da damina, Alhaji Abdulƙarim mai fataucin atamfa ya dawo daga Kano da babbar tele da amfili da bafle biyu. Aka haɗa su da dekodar, akwatin kama tashoshi, da parabol, faifan tauraron ɗan Adam da ke kafe kan sandar ƙarfe a tsakar gida. Hoto tangaran, sai dai da an kunna amfili wani ƙugi ya cika falon, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. A rage murya yana nan, a ƙara ya ƙaru. Alhaji ya aika a kira Manu.

Manu ya karkata kai, ya ce amfilin ne. Ya kai shi rumfa ya jona, shiru, ba ƙugi. Ya mayar gidan Alhaji, ƙugi ya dawo. Ya sake wayoyin sauti, ya sake bafle ɗaya, duk banza. Rana ta uku akwai baƙi a falon, ɗayansu ya ce cikin raha ko kunnen ya fara tsufa ne. Aka yi dariya, shi ma ya yi ta dole.

Akwai wata dabara da ya taɓa gani a Damagaram. A cikin fish, wato kan wayar da ake sokawa a bango, waya uku ce. Biyu na wuta, ta ukun, mai kore da rawaya, wayar ƙasa ce. Aikinta in wuta ta ɓalle cikin na'ura ta kwashe ta zuwa ƙasa kafin ta taɓa mutum. Manu ya san haka sarai. Ya juya wa baƙin baya, ya buɗe fish ɗin amfilin, ya datse wayar ƙasa, ya rufe. Da aka kunna sai karatun Alƙur'ani ya fito garau. Alhaji ya ce dama ya san ba a yi na'urar da za ta gagari Manu ba. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya yi, shi ma bai faɗa ba.

Wata biyu bayan nan, wata safiya da aka kwana ana ruwa, Hajiya Ramatu matar Alhaji ta shiga share falo ba takalmi. Ta sa ɗanyen tsumma kan ƙarfen amfilin, wuta ta ja ta, ta jefar da ita jikin teburi. Hannunta na dama ya karye a wuyan hannu, aka ɗaure shi a likita.

Laifin sai ya faɗa kan Ummaru, mai aikin wuta ɗan Kance, wanda ya ja wa gidan wayoyi bara. Alhaji ya faɗa a masallaci, ya faɗa a kasuwa, cewa aikin Ummaru ya kusa kashe masa mata. Mutum biyu da suka ba Ummaru aikin sabon gini suka fasa. Manu yana jin duk wannan daga rumfarsa. Ya je gaida Hajiya, ya yi mata sannu yana kallon tabarma. Kwana tara bai ce uffan ba. Matarsa Baiwa ta tambaye shi me ya hana shi cin tuwo, ya ce zazzaɓi ne.

Rana ta goma Ummaru ya zo rumfar bayan la'asar. Dama ya roƙi Alhaji a bar shi ya binciki gidan, kuma ya bincika. Ya gaida Manu kamar kullum, sannan ya ajiye fish ɗin a buɗe kan teburin aiki, guntuwar wayar kore na leƙe.

"Yaya Manu, ban nuna wa kowa ba," in ji shi. "Na ce bari in fara zuwa wurinka."

Manu ya daɗe yana duban abin. Da Ummaru ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya rufe rumfa, suka tafi gidan Alhaji tare.

Alhaji na zaure da mutum huɗu. Manu bai nemi su keɓe ba. Ya durƙusa ya ce shi ya yanke wayar, ya san amfaninta lokacin da ya yanke, kuma ya yi ne don kada a ce ya kasa. Ya ce aikin Ummaru ba shi da aibu. Alhaji bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi a shiga da shi ya maimaita wa mai hannun.

Hajiya Ramatu ta saurara daga bakin ƙofar ɗakinta, hannun rataye a wuya.

"Na yafe maka karayar, Manu," ta ce. "Amma ka zo nan ka yi mani sannu, kana jin ana zagin bawan Allah, ka tashi ka tafi. Wannan ba ni zan yafe ba."

Washegari Ummaru ya gyara fish ɗin, ya gano wayar da ta goge a cikin amfilin tana taɓa ƙarfe, ya naɗe ta. Ƙugi ya dawo. Sai ya zare wayar parabol daga dekodar, nan take ƙugin ya ɗauke. Ya yi wa Manu bayani cewa sandar parabol na cikin ƙasa a tsakar gida, wayar ƙasar gidan kuma na can bayan ɗaki, ƙasa biyu ke nan, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu ta cikin wayoyin sauti. Ita ce ƙugin. Ya haɗa sandar da wayar ƙasar gidan da jan ƙarfe mai kauri, ya jona tele da dekodar da amfili a ralonji ɗaya, wato doguwar waya mai soket da yawa, ya sa wani ɗan akwati mai tace ƙugi da ya samo a Damagaram tsakanin dekodar da amfili. Falon ya yi tsit. Manu ne ya riƙe masa tsani.

Daga nan Manu ya bi mutanen nan biyu da suka fasa aiki har gidajensu, ya gaya masu gaskiya. Ɗaya ya mayar wa Ummaru aikin, ɗayan ya riga ya ba wani.

Manu yana nan a rumfarsa, aiki ya ragu amma bai yanke ba. Alhaji na amsa gaisuwarsa, sai dai bai sake kiransa gidan ba. Hannun Hajiya ya ɗore da ɗan karkata, tana tuƙa tuwo da hagu. In Manu zai je masallacin Juma'a yakan bi ta bayan makarantar boko, ko da yake ta ƙofar gidan Alhaji ta fi kusa.