Shanu Na Gaishe Ka

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin dabbobi na gwamnati a yankin Sukukutane. A ruga ba wanda ya damu da abin da takardata ta ce, Likita kawai suke kira na. Moto ɗaya gare ni na sarwis, babur ɗin gwamnati tsoho tukuf, in ya nutse cikin rairayi sai in sauka in tura shi ina zage-zage ni kaɗai a daji. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, matata ma tana cewa da wuta aka yi mini wankan haihuwa. Na gaji da moton, na gaji da magani da ke lalacewa saboda zafi, na gaji da rubuta rahoton da ba mai karantawa. Sa'o'ina a Dogon Dutsi kowa maganar “projet” da “start-up” yake, wannan na sayar da fano na hasken rana, wancan na talla ta waya. Sai na ajiye aiki.

Na buɗe shagon maganin dabbobi da dusa a Dogon Dutsi, kusa da tasha, a bakin kwalta. Na sa firiji mai aiki da rana, allurai suka daina mutuwa. Dabarar da nake taƙama da ita ita ce waya: makiyayi ya ɗauki hoton dabbarsa, ya aiko da saƙon murya, in faɗa masa magani, ɗan kabu-kabu ya kai masa. Kuma wallahi abin ya yi. Har daga Kore Mairuwa ake aiko mini. Ba na da-na-sanin barin aiki, kada wani ya ɗauka haka. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai.

Akwai wani dattijon Bafillace da nake kira Baffa, rugarsa na bayan wani tudun rairayi arewa da Sukukutane. Shekarun fari sun cinye masa garke, sai 'yan kaɗan. Cikinsu akwai wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, ita kaɗai ta rage daga jinin shanun da ya gada wurin mahaifinsa. Lokacin da zan bar aiki tana da ciki, kuma duk fatan Baffa ta haifi mace, kada zuriyar ta yanke a hannunsa.

Baffa ba ya roƙo. Irin kunyarsu ce, dattijo ba zai buɗe baki ya ce yana cikin matsala ba. In lafiya lau ake, gaisuwarsa ta saba: gida, iyali, gajiya, rana. In kuwa wata dabba ta kwanta, can a ƙarshen gaisuwar, bayan ya gama tambayar kowa, sai ya ce, “Likita, shanu na gaishe ka.” Shi ke nan. Ni na san ma'anarta sarai, ka taso yanzu. Sau nawa na tayar da moto kan wannan kalma.

Ranar da na je yi masa sallama ya tambaye ni wa zai riƙa duba masa shanun. Na ce za a turo wani, alhali na san kujerar za ta daɗe babu kowa. Ni na matsa masa ya sayi waya mai hoto, ni na kama yatsansa na koya masa inda zai danna ya yi magana. Na ce, “Baffa, yanzu ma na fi kusa da kai. Ka danna kawai, ina jin ka.” Rezon waya ba ya kamawa a rugar sai an hau kan tudun, ga shi gwiwarsa ɗaya ba ta da daɗi. Ya ce to.

Da kasuwa ta buɗe, sai in wayi gari da saƙonni sun cika waya. Mutanenmu kuwa kun san su, mutum zai yi minti biyu yana gaisuwa kafin ya ce akuyarsa na zawo. Raina ya riƙa ɓaci. Sai na gano wani ɗan wuri a wayar da in ka taɓa, murya ta riƙa gudu kamar ana korar mai maganar. Daga baya ko wannan bai ishe ni ba. In na ji an fara “ina gida, ina iyali”, sai in ja yatsa gaba, in ban ji sunan cuta ko na magani ba, in wuce na gaba. Har ina yi wa kaina kirari, wai na iya aiki irin na zamani.

Saƙon Baffa ya shigo wata Talata. Na buɗe, na ji gaisuwa, na ja gaba, gaisuwa ce har yanzu. Na aika masa hoton hannu mai ɗaga babban yatsa na ci gaba da awon dusa. Washegari wani ya sake shigowa. Na ce a raina, tsohon nan ya samu abin wasa. Na uku ko buɗe shi ban yi ba, ranar kasuwa ce, shago cike.

Bayan kusan sati biyu wani makiyayi daga can ya zo sayen maganin tsutsa. Yana ɗaure kayansa a moto ya ce, “Ka ji jar saniyar Baffa ta tafi?” Ta haihu, mabiyiya ta ƙi fita, zazzaɓi ya kama ta. Kwana huɗu tana kwance, da suka ga za ta yi mushe suka yanka ta. Maraƙin ya rayu, namiji ne.

Na shiga bayan shago na buɗe saƙonnin nan uku, na saurare su a yadda ya faɗe su. Ana jin iska a kan tudun, ana jin hakinsa na hawa. Ya gaishe ni, ya gaida matata, ya gaida yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sabon shago. A ƙarshen kowanne, “Likita, shanu na gaishe ka.” A na uku sau biyu ya faɗa. Wannan ciwo aikin hannu ne da allurai kaɗan, na yi shi ba adadi, kuma alluran suna cikin firijina suna shan sanyi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na so in ɗora laifin kan kunyarsa, in ce da ya faɗa a fili, amma ai ya faɗa, da yaren da ni da shi muka yi shekaru muna yi.

Sai da na yi kwana biyar kafin na iya zuwa. Na tarar da shi yana murza igiya a gindin wata bishiya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya yi gaisuwarsa tsaf har ƙarshe, ni kuwa na zauna na amsa kowace. Da ya gama na ce, “Baffa, saƙonka ya iso. Ni ne ban saurara ba. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Na ga hannun da ka aiko. Na zaci cewa kake kana tafe, shi ya sa ban nemi kowa ba.”

Ya tashi da ƙyar ya shiga bukka, ya fito da wani ƙulli a cikin takardar buhun siminti, ya ajiye gabana. Busasshen naman jar saniyar ne, an yanyanka shi siri-siri an shanya. Na ce ba zan iya karɓa ba.

“Naka ne,” in ji shi. “Shekararka ta biyu a nan, kai ka sa hannu ka fiddo ta daga cikin uwarta. Ba a raba ta babu kai.”

Ni na manta da wannan haihuwar sam. Na ɗauki ƙullin da hannu biyu, shi kuma ya koma kan igiyarsa, ya tambaye ni ko akwai abin da za a ba maraƙin, don ya ƙi shan nonon wata saniya.