Bahago a Ɗakin Gwajin Daddawa

Karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Amma shekara huɗu na yi ina shiga ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a nan Lafiya, da farar riga har gwiwa, 'yan acaɓa suna ce min likita. Ban taɓa gyara musu ba. Aikina wanke kwalabe.

A lokacin matata ta rasu, yara sun watse, wannan Abuja, wancan Makurɗi. In na koma gida daga ni sai rediyo, shi kuwa ba ya jiran amsa. Mutum ɗaya ke hira da ni a yini, wato Dakta mai ɗakin, 'yar Keana garin gishiri, wadda sa'ar 'yata ta fari ce. Saboda ita nake riga kowa zuwa aiki.

A kan daddawa take bincike, ni nake sayo mata daga Ashige. Ta ce abincin da ke gina jiki an haɗa shi ne da wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu amino asid. Kusan kowace iri biyu ce, kamar hannu: yatsu biyar nan, biyar can, amma safar dama ba ta zama a hagu. Jikin mutum da na hagun aka gina shi. Na daman kuwa, ƙananan halittun da ke ruɓar da kalwa sukan ƙera kaɗan, shi take so ta auna.

Na ce, “Dakta, ina ma mahaifina ya ji wannan kafin ya ƙarar da tsumagiyar unguwa a hannuna.”

Ni bahago ne. Duka bai canza ni ba, abu ɗaya kawai ya dasa min: ba a miƙa wa mutum abu da hagu. Wanki, shara, ɗaurin igiya, duk da hagu nake yi, kuma ban taɓa fasa ko murfi ba. Dama kuwa ta cin tuwo ce da gaisuwa, bayan haka raguwa ce.

Raba ƙwayoyin nan aikin haƙuri ne. Akwai wani dogon bututun gilashi cike da farin gari kamar na rogo. A zuba ruwan daddawa ta sama, ya riƙa ɗiga, iri ɗaya ya yi gaba, ɗayan ya yi nawa a baya, a tare kowanne a kwalbarsa. Muna zaune muna kallon ɗigo, tana ba ni labarin mahaifiyarta.

“Baba, haka uwata ke tace gishiri a tukunya mai huji. Ita dai ba wanda ya ce mata Dakta.”

“Ni ma ba wanda ya ce min Furofesa, ga shi nan ina haƙuri.”

Sai ta yi dariya har ta dafe tebur.

Wata safiya, bayan mako bakwai ana tara na daman, duka ruwan bai cika cokalin shayi biyu ba, tana tsaye gaban injin aunawa ta ce in miƙo mata kwalbar daga firij. Na ɗauko da hagu, riƙo mai kyau. Saura taku biyu in isa gare ta, sai na mayar da ita dama, ban ma san na yi ba. Kwalba da raɓar sanyi, safar roba da santsi. Ta suɓuce ta fashe, ƙarar ma ba ta kai ta faɗuwar cokali ba.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon siminti.

“Baba, me ya sa ka canza hannu?”

“Ranki ya daɗe, ya zan ba ki da hagu?”

“Ni na ce ina jin haushi? Ka haife ni fa!”

“Ko jikata ce ke, hannun ba zai yarda ba.”

Washegari ta ce shugaban sashe ya ji labari, yana so a mayar da ni sharar baranda. Ta roƙe shi, ya bar mata zaɓi. Ta ɗauko kwalba wadda ba komai ciki ta ba ni, ta koma ƙarshen ɗaki ta buɗe tafin hannu.

“Kawo min da hagu sau ɗaya kawai, in san zan iya dogara da kai.”

Na tafi kamar mai kai wa sarki ƙwai. Ina isa, kwalba tana dama. Muka sake. A na biyu na cusa damar cikin aljihu, ta fito da kanta. A na uku na kai har gabanta da hagun, na tsaya, gumi yana bin wuyana, ƙato da furfura ya kasa miƙa kwalbar wofi. Daga ƙarshe na ajiye ta a kan tebur.

Ta ce, “In ina riƙe da wani abu, wa zai ɗauka daga tebur, Baba?”

Na yi ƙoƙarin yin wasa, na ce a rubuta a takardar bincike cewa an samu tsoho wanda ba ya rabuwa da dama. Ta yi murmushi, amma ba ta dafe tebur ba.

Ranar Litinin aka ba ni tsintsiya. Barandar doguwa ce, daga ofishin shugaba har bakin famfo, kuma duk wanda ya hau ta wucewa yake yi.